Ɗakin da Gero Ba Ya Rawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, tara ga watan Mayu, 2012, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran kakana na wajen uwa, Alhaji Kalilu Yahya, wanda mutanen Daura suka fi sani da Alhaji Na-Jirgi. Ya rasu a gidansa na cikin gari, ba nisa da rijiyar Kusugu, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan jinyar kwana biyar. An yi masa sutura bayan sallar azahar. Ina aji ana darasin lissafi aka zo aka kira ni. Da na hango Kawu Sama'ila tsaye a bakin ofishin shugabar makaranta, babu ko ɗigon gari a rigarsa, sai na gane. Kawu ba ya barin injin niƙansa ranar aiki.

Baba, ni ce Mardiyya. Rubutu zan yi maka kamar yadda muka saba. Malamarmu ta Hausa ta ce in rubuta don mujallar makaranta, shi ya sa zan faɗi wasu abubuwan da kai ka riga ka sani.

Shekara talatin da ɗaya ka yi a rumfar gyaran jirage ta wani kamfani a Kano. Mutane suna zaton injin kake gyarawa, kai kuma ba ka gajiya da yi musu gyara. Aikinka shi ne bangon ciki, wannan farin bangon da fasinja yake jingina kansa a jikin taga. Kakan ce tsakanin kunnen fasinja da ƙarar injin tazarar ba ta kai tsawon tafin hannu ba, kuma a cikin wannan 'yar tazara ka ci abincinka har ka tsufa. Ka kare kunnuwan dubban mutane, naka kuma suka tafi. Ba ka taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Ka ce an ba ku abin toshe kunne, ƙuruciya ce ta sa kake rataye shi a wuya kamar laya.

Ba kurma ba ne kai gaba ɗaya. Idan wuri ya yi tsit kana jin magana. Amma da zarar wata ƙara ta shigo, sai muryoyi su narke a cikinta. Gidanka kuwa ba ya yin tsit. Injin Kawu yana ƙofar gida, daga bakwai na safe har kiran magariba yana cin gero da dawa da masara, kuma shi ke ciyar da gidan, ba mai cewa a kashe shi. Don haka kowa ya koyi ɗaga murya. Hajiya Nana, kakata, in za ta ce maka abinci ya sauka, har maƙwabta sai sun wanke hannu.

Ni kaɗai na kasa. Tun ina ƙarama muryata ba ta fita, kuma Umma ta raine mu a kan cewa ba a ɗaga murya a gaban babba. In na buɗe baki zan yi maka magana da ƙarfi, sai in ji kamar zagin ka zan yi, sai in fasa. Gidanmu yana wata unguwa. Ranar Alhamis da Juma'a kawai nake zuwa, da yake babu Islamiyya, kuma dole in koma kafin magariba. Sa'a ɗayar da injin yake hutawa ranar Juma'a, kana masallaci. Ranar Sallah gida cike yake da mutane. Haka muka yi shekaru, ina durƙusawa in gaishe ka, kana kallon leɓena kana amsawa.

Kai ka sayo littafin nan mai shuɗin bango. Kai ka yi magana, ni in rubuta amsa. Ranar farko ka ɗaga shi kana nuna wa Hajiya, ka ce, "Ga kurma ga bebiya, Allah Ya haɗa mu gida ɗaya." Hajiya ta ce, "Ai kun huta, ni ce a wahale, mai baki da kunne."

A farkon watan Janairu ne ka faɗi maganar da ta kawo duk abin da ya biyo baya. Ka ce, "Jikokina goma sha bakwai. Na san muryar goma sha shida, har da mai kukan da ba ya ƙarewa. Taki ce ban sani ba. Ina so in ji ta kafin a kira ni." Na ɗauki biro, na rubuta: "Ba zan iya yi maka tsawa ba, Baba." Ka karanta, ka gyaɗa kai, ba ka yi dariya ba. Ka ce, "To ba ke za ki hau ba. Ƙarar za mu saukar."

Ka sa na jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki, naɗe cikin tsohuwar hula, akwai wani guntu kamar tafin hannu, ɓallin bangon jirgi da aka zubar tun kafin a haife ni. Fata biyu ne sirara, a tsakiyarsu wasu ƙananan ramuka jere kamar saƙar zuma. Bai fi ambulan nauyi ba. Ka ce in taka shi. Na cire takalmi na hau da ƙafa ɗaya, bai ko lotsa ba. Ka ce, "Kin ga ƙarfi, kin ga rashin nauyi. Amma abu mara nauyi ganga ne. Ƙara ta taɓa shi, sai ya yi rawa ya miƙa ta ciki. Rigimar da na yi shekara talatin ina yi ke nan."

Na rubuta cewa me zai hana mu yi gini da tubali, tunda tsofaffin ɗakunan ƙasa sun fi shiru. Ka yi dariya har da tari. Ka ce, "Gaskiyarki. Kakanninmu sun iya, nauyi yana kashe ƙara. Amma katangar Daura ba ta tashi sama. A jirgi, duk abin da kika ƙara wa bango, kin sauke kayan wani alhaji." Sannan ka kafa doka: za mu yi ɗan ƙaramin ɗaki a cikin ɗakinka, wanda zai ɗauki mutum biyu a zaune, kuma kowane bango sai na iya ɗaga shi da hannu ɗaya. Hajiya ta yarda da dokar, don ta ce ba za ta bar abin da ba za ta iya janyewa ta share ƙarƙashinsa ba.

A ranar ka ba ni labarin wata tsohuwa 'yar garin Baure. Wata shekara ka bi jirgin alhazai, sai aka zaunar da dattijuwar daidai fiffike. Ba ta taɓa hawa ko jirgin ƙasa ba. Da aka tashi, ta ga kana sanye da kayan ma'aikata, ta yafito ka ta ce, "Ɗana, ka ce musu su rage, ba na jin addu'ata." Ka ce tun daga nan, duk bangon da za ka mayar, sai ka tuna akwai mai addu'a a bayansa. Ban san sunanta ba, kai ma ba ka sani ba, amma na sa ta a addu'ata tare da kai.

Wata huɗu muka yi. Ka koya mini cewa fata biyu sirara da ba su taɓa juna ba sun fi fata ɗaya mai kauri. A tsakiyarsu a bar wa iska wuri, a sa abu mai laushi ya shanye abin da ya shigo. Inda dole a haɗa su, a sa roba, kada katako ya taɓa katako. Kuma kada a bar kafa ko ta allura, domin duk inda iska ta bi, ƙara ma ta san hanyar. Har hanyar shan iska sai da ka zana ta a lanƙwashe, aka shimfiɗa mata auduga. Ba mu da kayan jirgi, sai muka nemi na gida: siririn falankin silin, kwalayen sabulu, tsohon tif na babur da na yayyanka da almakashin ɗinkin Umma, da audugar rimi. Audugar daga matasan kan Hajiya ta fito. Da ta nemi na uku ta rasa, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ni ban je ko Katsina ba bana, amma matasan kaina sun shiga jirgi."

Ka ce ni ce kunnenka. Mukan sa rediyonka a cikin akwati, mu rufe bakin da bangon gwaji, in yi ta tafiya a tsakar gida ina ƙirga taku har in daina jin mai labarai. Da falanki ɗaya sai da na kai zaure ina jin sa. Da fata biyu da auduga, taku tara ya ɓace. Na ruga na rubuta tara da babban baƙi, ka ce a ba ni tsire.

Kai kuma kana da naka ma'aunin. Kakan manna murfin gwangwanin madara a jikin bango ta ciki, ka zuba ƙwayoyin gero kamar goma. In bango yana karkarwa, sai geron ya riƙa tsalle. In ya kwanta, ƙara ba ta ratso ba. Ka ce a Kano kuna da na'urori masu allura, amma da kunnenka ya fara tafiya, gero ka fi yarda da shi, don bai san ka ba balle ya ji nauyinka.

Baba, yanzu zan rubuta abin da ban so a karanta a makaranta ba. Amma ka ce in riƙa faɗin abin da ya faru.

Malam Audi kafinta, abokinka tun na allo, shi ya harhaɗa bangwayen a watan Afrilu. Ka ba shi zane, ka nuna masa inda roba za ta shiga. Ya bi zanen. Amma da ya gama ya tura da hannu, sai ya ji bangon yana ɗan lilo, kamar yadda ya kamata ya yi. Shi kuwa mutum ne da ƙofofinsa suke shekara arba'in ba su motsa ba. Bai gaya wa kowa ba, ya samo dogayen ƙusoshi ya ratsa fata biyun ya ɗinke su, ya shafe kawunan da fenti.

Ranar Alhamis na zo na tarar an kafa. Ka sa sabuwar riga. Ka ce in shiga in saurara, aka kara kwali a bakin ƙofa. Na shiga. Injin Kawu yana nan a ciki tare da ni, har wani gurnani bangon yake yi kamar na shiga cikin ganga. Na fito. Kana zaune kana kallon fuskata, idonka yana ƙyalli kamar na yaro ranar Sallah. Ka yi wata uku kana durƙuso da ciwon gwiwa a kan wannan abu. Na ɗauki biro na rubuta: "Ya yi shiru sosai."

Ka yi hamdala. Sannan, don ka saba, ka shiga ka zuba gero a murfin gwangwani. Ina tsaye a bayanka. Geron ya tashi yana tsalle, har biyu suka faɗo ƙasa.

Ba ka juyo da wuri ba. Ka bi bangon da tafin hannu a hankali, sama da ƙasa, har yatsanka ya tsaya a kan wani ɗan tudu a ƙarƙashin fenti. Ka aika a kira Malam Audi.

"Audi, ƙusa nawa ka ba ni kyauta?"

"Ashirin da huɗu ne kacal, Alhaji," in ji shi da ƙarfi. "Don kada ya faɗo maka a ka."

"Gada ashirin da huɗu ka gina wa ƙara. Ko kuɗin fito ba ka karɓa ba."

"To ni abin da ke lilo ba na kiran sa aiki."

"Jirgi ma lilo yake yi, shi ya sa ba ya karyewa. Ɗauko abin cire ƙusa."

Malam Audi ya yi ta cirewa yana mita, yana cewa tun yana saurayi yake buga ƙusa a yaba masa, yau ga shi da furfura an ce sai ya cire aiki zai yi kyau. Ni kuwa ina rakuɓe a gefe, na ƙi ɗaga kai. Ka jira ya gama. Sai da ya tafi ka ce, "A rumfarmu, wanda muka fi tsoro ba wanda bai iya aiki ba ne. Wanda zai ga matsala ya ce lafiya lau don yana jin nauyin babba, shi muke tsoro. Mutum ɗari uku ne a bayan maganarsa." Na rubuta "Ka yafe mini," hawaye ya ɓata rubutun. Ka karɓi biron. A duk littafin, nan ne kaɗai akwai rubutun hannunka: "Kunya ado ce. Amma in an sa ki zama kunnen wani, ki faɗa masa abin da kika ji."

Ranar Alhamis, uku ga Mayu, an gama komai sai ƙofa. An yi ta, amma ba a rataya ba, don robar gefenta ba ta isa ba. Ka ce ba za ka jira ba. Ka sa aka shigar da kujerarka da tabarmata. Malam Audi ya kara ƙofar ya danne ta da kafaɗa ta waje, Hajiya ta cusa tsohon zane a ƙasanta. Na yi mako biyu ina tilawar Tabaraka don wannan rana.

Injin Kawu ya koma can nesa, kamar a wata unguwa ake niƙan. Ka zuba gero. Muka zuba masa ido mu biyu. Ya kwanta.

Ka ce, "Zan rufe ido, kada in yi satar amsa a leɓenki. Bismillah."

Ka rufe. Na ji bugun zuciyata. Ban taɓa zama a wuri mai shiru haka da rana ba. Da muryata ta kullum, wadda malamai suke cewa in maimaita, na ce, "Assalamu alaikum, Baba."

Ka ce, "Wa alaikis salamu wa rahmatullah." Idonka a rufe. Sannan ka ce, a hankali, ba da ƙarfin da ka saba ba, "Ashe haka take. Irin ta Maijidda ce tana ƙarama."

Maijidda ita ce Ummata. Ban san me ya sa wannan ya karya ni ba. Na buɗe baki zan fara surar, ko bisimilla ta ƙi fita. Ka jira ni, ka daɗe kana jira. Da ka buɗe ido ka ga halin da nake ciki, sai ka ce, "Ba komai. Na ji sallama, ta ishe ni yau. Surar kuma Alhamis mai zuwa, in Allah Ya kai mu, ƙofa a rataye."

Da muka tura ƙofar, Malam Audi yana ta haɗa gumi. Ya ce, "Tun ɗazu nake kira kafaɗata ta mutu, ba wanda ya kula ni." Ka sa ya maimaita, ka ce, "Alhamdu lillahi, ba mu ji ka ba. Aiki ya yi kyau."

Washegari bayan Juma'a zazzaɓi ya kwantar da kai.

Alhamis ɗin ta zo, Baba. Ina gidan, a cikin mata masu zaman makoki. Kawu ya kashe injin kwana uku. Tunda nake zuwa gidan ban taɓa jin sa haka ba: ina jin kukan kurciya a kan darbejiya, ina jin ƙarar carbin Hajiya daga ɗaya gefen tabarma. Shirun da muka yi wata huɗu muna nema da kwali da auduga, ga shi ya cika gidan har zaure, ko raɗa na yi za ka ji. Na riƙa kallon ƙofar ɗakinka. Kalma uku na ba ka a shekara goma sha shida. Ina da sura guda a bakina, da tambayoyin da ban rubuta ba don suna da tsawo. Ban tambaye ka yadda gajimare yake ta sama ba. Ban gaya maka ina so in karanci irin aikinka ba, ina jira sai na iya faɗa da baki.

Bayan kwana bakwai Malam Audi ya zo da kayan aikinsa, ba wanda ya aika masa. Ya kawo sabon tif da ya yanka da kansa. Ya rataya ƙofar, ya bi gefenta da roba. Da zai fita ya tsaya a gaban Hajiya ya ce, "Ki gaya wa yarinyar ban sa ƙusa ko ɗaya da ta ratsa ba."

Jiya Alhamis na shiga. Injin yana aiki, don dole a ci abinci. Kujerarka tana inda ka bar ta. Na ja ƙofa, na zuba gero a murfin, ya kwanta. Na yi sallama. Na jira kaɗan, ko da yake na sani. Sannan na karanta Tabaraka tun daga farko har ƙarshe, da murya, ban tsaya ba, na roƙi Allah Ya kai ladan gare ka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga kakata Hajiya Nana, wadda ta yi shekara hamsin da ɗaya tare da kai, yanzu kuma ta ce ba ta san da wa za ta ɗaga murya ba. Ina yi wa Ummata ta'aziyya, da Kawu Sama'ila, da sauran 'ya'ya da jikoki na Daura da Kano da Mashi, da Malam Audi, da tsofaffin abokan aikinka da suka zo gaisuwa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya saka wa duk wanda ya tako ko ya aiko da alheri.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Kalilu ɗan Yahya. Ka gafarta masa, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa addu'o'in da bayinKa suka yi a bayan bangon da ya gyara su zama nauyi a mizaninsa. Ka kyautata namu ƙarshen in tamu ta zo. Ya Allah, ya amsa sallamata da ido a rufe. Ka mayar masa da jinsa cikakke, ya ji sallamar mala'iku a ƙofar Aljanna ba tare da an maimaita masa ba. Amin.

Jikarka,
Mardiyya Ja'afaru
Aji biyar na sakandare, Daura